Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kano: Wa Za Mu Kai Wa Ƙarar Sokawe?

Mai girma Kwamishina,

Ranka ya daɗe, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin zancen da na zo da shi ba irin wanda ake yi a gaban manya ba ne. Zancen masai ne da sokawe, da abin da ke kwance a ƙarƙashin tsakar gidajenmu da ƙofofin zaurukanmu. Kunyar ambatonsa ce ta sa ya daɗe ba shi da mai kula, don haka na ga gara a jingine kunyar na ɗan lokaci a yi maganar.

Tambayata guda ce. Magidanci a Kurna ko Ɗorayi ko Rimin Kebe ya wayi gari ruwan rijiyarsa ya sauya, yana tashin wari, yara sun fara gudawa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma san cewa watanni kaɗan da suka wuce maƙwabcinsa ya haƙa sabon sokawe a jikin katangar da ta raba su. Ofishin wa zai nufa? Wace takarda zai cike? Wa zai zo ya duba, kuma cikin kwana nawa? Idan aka tabbatar da ɓarnar, wa zai ɗauki nauyin gyara: mai gidan, ko maginin da ya yi aikin, ko jami'in da ya sa hannu a takardar ginin, in ma akwai takardar? A jefa wannan tambaya a kowace majalisar dattawa a birnin nan, amsoshin za su sha bamban, kuma mafi yawansu da "sai dai haƙuri" za su ƙare.

Abin da aka saba shi ne mutum ya fara da mai unguwa, kuma daidai ne ya fara da shi. Amma mai unguwa mai sulhu ne. Ba shi da abin gwada ruwa, ba shi da ikon sa a fasa kankare. Zai kira su biyun, ya tuna musu haƙƙin maƙwabtaka, wanda ake ƙara ya rantse cewa raminsa a shafe yake da siminti ciki da bai, a yi addu'a a watse. Rijiya kuwa tana nan yadda take. Daga nan sai hukuma, kuma a nan ne mutum zai gane cewa hukumomin da abin ya shafa suna da yawa, amma babu wadda ta ce nata ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da wuraren bahaya na jama'a da zubar da ƙazanta da shara, kuma a can ne ake samun jami'an duba-gari. Izinin gini yana hannun KNUPDA. Shara da tsaftar gari suna hannun REMASAB. Ruwan sha na hukumar ruwa ne. Idan cuta ta ɓarke, aikin ya koma ma'aikatar lafiya. A sama kuma ga NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, da ƙa'idojinta na tsafta da zubar da ƙazanta na 2009. Kowacce a cikinsu tana da hujjar cewa ɓangaren da ya dame ka na wata ce. Ramin yana cikin gini, to maganar masu tsara birni ce. Abin da ke cikinsa ƙazanta ne, to maganar masu tsafta ce. Abin da ya gurɓata ruwa ne, to a nemi masu ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke neman abincin yini ba zai iya wannan zagaye ba, kuma ba shi da kuɗin lauya. Ko ya je kotu, alƙali zai nemi hujja, shi kuwa hujjarsa hancinsa ne da cikin 'ya'yansa.

Shi ya sa al'amarin da na hukuma ne yake komawa faɗan maƙwabta. Mata su daina shiga gidan juna, yara su gaji gabar da ba su san asalinta ba. Wanda ya yi magana a ce ya cika fitina, ba ya son zaman lafiya. Ɗan haya kuwa bai ma isa ya buɗe baki ba, domin ya san amsar mai gida: in ba za ka iya ba, ga hanya, akwai masu jiran ɗakin. A gidajen haya masu ɗaki goma ko fiye, inda masai ɗaya ke ɗaukar iyalai da yawa, abin ya fi muni, kuma matan da ke yini a gida su ne ke shaƙar warin daga safe zuwa dare. Rashin koke a teburinka, ranka ya daɗe, ba alamar lafiya ba ce. Alama ce ta cewa babu hanyar da koken zai bi ya iso.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin ya kamata ya kasance, domin yawancin masu biyan kuɗin aikin ba su taɓa jin bayaninsa ba. Tsarin da ya cika rami biyu ne masu aiki daban. Na farko tanki ne rufaffe, an zuba masa kankare a ƙasa, an shafe bangonsa yadda ruwa ba zai fita ba kuma ba zai shigo ba. Akan raba shi ɗaki biyu, na farkon ya fi girma. Ƙazanta ta shigo ta zauna aƙalla yini guda, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba tare da iska ba su riƙa narkar da abin da ya kwanta. Ruwan tsakiya ne kaɗai ke tsallakawa ɗaki na biyu, daga nan ya wuce rami na biyu, wanda aka bar wa ƙofofi a jiki don ƙasa ta riƙa tsotsewa a hankali. Abin lura a nan shi ne tankin ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya fito daga cikinsa yana ɗauke da su. Ƙasa ce ke tace shi, kuma ƙasa busasshiya, wadda ke tsakanin gindin ramin da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi a duniya ta ce gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa, kuma tsakaninsa da rijiya a sami kamar mita 30. Sannan a sa bututun fitar da iska, a bar murfin da za a iya buɗewa, a kuma kwashe tankin duk bayan 'yan shekaru, tun kafin dagwalon ya cika shi ya fara bin ruwa.

Abin da ake yi mana ya sha bamban da wannan. Rami guda ne mai zurfi, a jera bulo a bar tsaga, a bar gindin a buɗe, a zuba murfin kankare a kai. Kuma kada a ɗora wa magini laifin duka, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gida ne yakan ce, "Malam, ina son wanda ba ya cika." Magini ya san hanyar: a yi ta haƙa har a taɓo ruwa. Ramin da ya taɓo ruwa ba zai cika da wuri ba, gaskiya ne, domin abin da aka zuba masa yana tafiya, kuma inda yake tafiya shi ne ruwan da unguwa ke sha. Wani ma ba ya wahalar haƙa. Tsohuwar rijiyar da ta ƙafe ko aka daina amfani da ita ce za a rufe a mayar masai, wato an zuba ƙazanta kai tsaye cikin jijiyar ruwan. Wani kuma a ɓoye yake jawo bututu daga ramin zuwa lambatu, ya jira dare ko a kece da ruwan sama ya buɗe. Duk wanda ya taɓa bin lungu bayan ruwan Agusta ya san warin da nake nufi.

Sai kuma ha'inci na zahiri, wanda mai gida bai nema ba. A karɓi kuɗin rodi mai kauri a sa siriri, ko a rage yawansa. Buhun siminti guda a cika masa yashi fiye da kima. A cire katakon da ya tallafi murfin tun kankaren bai gama kamawa ba. Irin wannan murfi yakan yi shekaru lafiya lau, sai ranar da mota ta taka shi ko damina ta jiƙa ƙasar gefensa ya rufta, wani lokaci da mutum a kai. A lokacin magini ya daɗe da barin unguwar, babu rasit, babu yarjejeniya a rubuce, ba a ma san cikakken sunansa ba. Injiniya yana da COREN da za a kai ƙararsa, ƙwararren mai gini yana da CORBON. Amma wanda ke haƙa mana ramukan nan a zahiri ba ya cikin kundin kowa. Aikinsa kuma shi ne kaɗai ɓangaren gida da ba a sake gani da zarar an rufe. Katanga in ta karkace kowa zai gani, rufi in yana yoyo za a sani a daminar farko. Sokawe kuwa sai ya yi ɓarnarsa.

Akwai wani lissafi da nake so mu yi tare, domin shi ne ke nuna cewa wa'azi kaɗai ba zai yi magani ba. Fuloti mai ƙafa 50 sau 50, irin wanda aka cika yankawa a unguwannin awon igiya, kimanin mita 15 ne kowane gefe. Ko a sa rijiya a wannan kusurwa a sa rami a waccan, tazarar ba za ta kai mita 22 ba. Mai ƙafa 50 sau 100 zai iya samun mita 30 da ƙyar a cikin gidansa, amma me zai yi da ramin maƙwabcin dama, da na hagu, da na baya? Ashe a irin waɗannan unguwanni mutumin kirki da ke son bin ƙa'ida ma ba zai iya ba. Ga shi kuma ƙarƙashin birnin Kano dutse ne, ruwan da rijiyoyinmu ke samu yana kwance ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, kuma ƙazantar da ta sami tsaga takan yi nisa ba tare da ta tacu ba. Da damina ruwan ƙasa ya taso, ramin da yake a bushe a watan Maris sai ya koma tsundum a cikin ruwa.

Masu burtsatse suna ganin sun tsira, tunda tasu ta yi zurfi. Ba lallai ba. Idan mai haƙar bai zuba siminti ya toshe tsakanin bututun da bangon ramin daga sama ba, gurɓataccen ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya gangara. Daga irin waɗannan burtsatse ne 'yan garuwa ke cika jarkoki su rarraba gida-gida. Na san ruwan famfo ba a ƙarƙashin ma'aikatarka yake ba, amma a faɗi gaskiya: da ruwan Challawa da Tamburawa da Watari yana isa kowace unguwa, da rabin wannan wasiƙa ba ta da amfani. Mutane ba don sha'awa suke haƙa rijiya kusa da masai ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi yawan masu cutar, tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Kwalara da taifot hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Tun 1854 aka gane haka a Landan, lokacin da likita John Snow ya bi sawun annobar kwalarar da ta kashe mutum sama da 600 har zuwa famfon rijiya guda a titin Broad, daga baya aka tono aka tarar da ramin masai dab da rijiyar yana tsiyaya a cikinta. A nan gida ma muna da shaida. Tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanan Kano ana kai shi ɗakin gwaji don neman ƙwayar shan inna, kuma wannan aiki ya taimaka har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta cutar a 2020. Abin yabo ne. Amma a tambaya, me ya sa ake neman ƙwayar da ke fita ta bayan gida a cikin lambatun da aka gina don ruwan sama? Domin kowa ya san abin da ke gudana a ciki. Ruwan nan kuma shi ke bin Jakara da Getsi, ana ban-ruwan latas da kabeji da shi, su dawo mana kasuwa.

An yi ƙoƙari wajen yaƙi da bahaya a fili, ba na musu. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a 2018, ta fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009 a 2019, maƙwabciyarmu Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan ɗabi'a a 2022. Sai dai duk ƙirgar ta tsaya ne a kan ko gida yana da banɗaki. Ba a cika tambayar ina abin ke zuwa bayan an kora ruwa ba. Gida mai tayil da masai na zamani, wanda bututunsa ke ƙarewa a cikin ruwan unguwa, a takarda ya ci jarrabawa.

Wannan ya kawo ni ga mutanen da ba a son zama kusa da su, masu kwasar masai da aka fi sani da "gidan kowa da akwai", da kuma masu motocin zuƙa. Birnin da mafi yawansa ba shi da bututun ƙazanta na bai-ɗaya a wuyan waɗannan bayin Allah yake rataye. Motar zuƙa ba ta shiga lungunan cikin Birni, kuma dagwalon da ya daskare ba ya zuƙuwa, don haka sai mutum ya sauka da bokiti da shebur, sau da yawa ba takalmi ba safar hannu. A cikin ramin akwai iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take taruwa a ƙasa. Idan ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka lafiya, sai ya yanke jiki ya faɗi. Na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Sau nawa muka ji a rediyo jami'an kashe gobara sun ciro gawa biyu ko uku daga rami guda, wani lokaci a kan wayar salula da ta faɗa? Indiya ta haramta sa mutum wannan aiki ba kayan kariya da dokar 2013, kuma a 2023 kotun ƙolinta ta ce a biya iyalan duk wanda ya mutu a bututun ƙazanta rupi miliyan 3. Mu a nan sai dai a ce kwana ya ƙare.

Bayan an kwashe kuma, ina za a kai? Mai gida ya biya kuɗinsa, bai tambaya ba, ba ya kuma son ya sani. Abin yakan ƙare a kududdufi, ko tsohon ramin da aka ɗebi ƙasa, ko gonar bayan gari inda manomi ke karɓarsa ɗanye a matsayin taki. Mutanen ƙauyukan gefen birni su ma suna da koke, kuma nasu ya fi na kowa rashin mai ji. Kama direban da ya juye a rafi abu ne mai sauƙi. Amma in ka kama shi ya ce, "To ranka ya daɗe, nuna mini inda zan kai," dole a sami amsa, kuma wurin ya kasance mai kusa, mai hanya, wanda ake sarrafa abin a cikinsa. Aikin ba na sihiri ba ne: filayen shanya da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, ruwa ya tsane, rana ta busar, a haɗa da shara mai ruɓewa a mayar taki mai aminci. Rana kuwa ba mu rasa ta ba, masu sayen taki ma haka. A Dakar hukumar tsafta ta Senegal, ONAS, ta taɓa buɗe layin waya da mai gida zai kira, masu motocin zuƙa su yi gasar farashi a kan aikinsa. A Durban ta Afirka ta Kudu hukumar birni ta ɗauki nauyin kwashe ramukan masai na talakawa duk shekara biyar.

Kada wani ya ce wannan tsari baƙon abu ne a wurinmu. Dattawa suna tuna zamanin da jin "ga duba-gari nan" kan sa a share tsakar gida, a rufe randa, a leƙa masai. Makarantar koyon tsafta ta Kano ta daɗe tana yaye su, har yau kuma tana yi, kuma tun 2002 sana'ar take da majalisar tarayya mai yi wa masu ita rajista. Na san ba kowa ke tuna duba-gari da alheri ba. Wasu sun mayar da aikin hanyar karɓar na goro, shi ya sa ba na roƙon a dawo da tsoro, aiki nake roƙo a dawo da shi. Kafin Turawa ma, fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi hukunci da shi ya san hurumin rijiya, ya kuma hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabci ko da a cikin mallakarsa ne. Ibn Rami, wanda ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, magini ne da alƙalai ke aikawa ya duba gini idan maƙwabta sun yi jayayya, ya kuma rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. Wato shekaru ɗari bakwai da suka wuce, mai ƙara yana da alƙali, alƙali kuma yana da masanin da zai je ya gani da ido.

Abin da nake roƙo ke nan, ranka ya daɗe, kuma na farkonsa ba ya buƙatar sabuwar doka ko rancen Bankin Duniya. A ba mu ƙofa guda. Lambar waya ɗaya, da tebur ɗaya a kowace sakatariya ta ƙananan hukumomi takwas na cikin birni: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wanda ya kawo koke a ba shi takarda mai lamba da kwanan wata, a gaya masa ranar da za a zo. Idan abin ya shafi wata hukuma, teburin ne zai bi ta, ba mai koken ba. Wanda zai zo ya zo da kwalbar ɗibar ruwa, domin gwajin ba mai tsada ba ne kuma ma'auninsa a bayyane yake: ruwan sha bai kamata a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 nasa ba, sinadarin naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita. A ba mutum sakamakon a rubuce. Da wannan takarda mai unguwa zai iya sulhu na gaskiya, alƙali ma zai sami abin riƙewa. A kuma ɓoye sunan mai koke idan ya nema, saboda ɗan haya da matar da mijinta ba ya son rigima. Ma'aikacin da zai je ya tarar da matan aure a gida, ya kyautu a haɗa shi da ma'aikaciya mace, in ba haka ba a zaure binciken zai tsaya.

Na biyu, kada a zuba murfi sai an duba. Wannan shi ne lokaci guda da ido zai iya ganin zurfin ramin, da gindinsa, da rodin da aka shimfiɗa, da nisansa da rijiyar gida da ta maƙwabta. A rubuta sunan maginin da lambarsa a kati, kwafi ga mai gida, kwafi ga hukuma. Magina suna da ƙungiyoyinsu, a bi ta nan a yi musu horo na 'yan kwanaki, a ba wanda ya halarta shaida, wanda aka kama da ha'inci a karɓe tasa. A unguwannin da lissafin mita 30 ba zai yiwu ba, a faɗa wa mutane gaskiya cewa tanki rufaffe da ake kwashewa a kan kari shi ne mafita, ko tanki babba na haɗin gwiwa ga layi guda, a kuma taimaka musu da kuɗinsa. Tara ba ta gyara rami. Gwauruwar da ta gaji gida da rami mai yoyo, in aka ci ta tara, kuɗin gyaran ne aka karɓe. A ba ta wa'adi da rance mai sauƙi. Masu gidajen wanka da bahaya na kasuwa, da otal-otal, da manyan gidajen haya, waɗanda ke samun kuɗi suna sakin ƙazanta a lambatu, su ne suka cancanci kotun tafi-da-gidanka da muke gani ranar tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata.

Sai abin da jami'ai ba sa son ji. Mai dubawa ma a iya kai ƙararsa. Idan ya karɓi kuɗi ya sa hannu a kan ramin da bai gani ba, ko ya ƙi zuwa sai an ba shi kuɗin mai, kada a ce a kai koken wurin ubangidansa da suke ofis ɗaya. Jihar nan tana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, a rubuta lambarta a bayan kowace takardar koke. Amma kafin a tuhume shi a ba shi babur da mai da kayan gwaji, domin wanda aka tura aiki hannu rabbana an riga an nuna masa inda zai nemi guzuri. Duk wata uku kuma ma'aikatarka ta karanta mana a rediyo: koke nawa aka karɓa, nawa aka je, nawa aka gyara, rijiya nawa aka samu gurɓatacciya kuma a wace mazaɓa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watan Agusta ba lokacin fara wannan aiki ba ne, domin a lokacin asibitoci sun riga sun cika. Ina roƙon ka sanar da lambar wayar da sunan ofishin da zai amsa ta kafin ruwan farko ya sauka, ka kuma faɗa mana a bainar jama'a wuraren da gwamnati ta amince motocin zuƙa su riƙa juyewa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka,
Wani magidanci mazaunin birnin Kano